Shuɗin da Yaya Ke Nema

Yayata ba ta iya zama ba. Akwai kujera mai laushi a shagonta, mijinta ne ya sayo mata tun lokacin da gwiwarta ta fara ciwo, amma bandiran yadi ne ke hutawa a kai, ita tana tsaye. A tsaye take cin abinci, a tsaye take amsa waya, in kuwa ka ga ta zauna to keken ɗinki ne a gabanta, nan ma ƙafa ba ta huta ba. A layin shagunansu Mai Labule ake ce mata, don labule take ɗinkawa, da rigunan kujera da na matashin kai, tun ina makaranta. Ni Yaya nake ce mata, ita ta ce mini Auta, duk da furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalina.

Ɗinkinta na da kyau, amma ba da shi ta yi suna ba. Da ido ta yi suna. Mace za ta zo da ɗan ƙyalle da bai kai tafin hannu ba, ta ce ga kalar kujeruna, Yaya ta kalle shi sau ɗaya ta miƙa mata abinta, ta shige ciki ta ciro yadin da za ka rantse tare aka rina su. Wani lokacin ko ƙyallen babu, leƙa falon kawai za ta yi, ta dawo bayan mako ta zaɓi yadi daga kanta. Masu fenti har shago suke zuwa ta raba musu gardama. Tsohon da ke sayar da zare a jikin shagonta, Baba Mai Zare, idan mai saye ya ishe shi da ruwan ido sai ya nuna masa ƙofar Yaya ya ce, "Je ka wurin Mai Labule, abin da ta ce shi ne."

A gida abin ya fi haka tsanani. Mu a ƙarƙashin idon Yaya muka tashi. Idan ta ce rigar nan kore ce, to kore ce, ko da kai shuɗi kake gani, sai dai ka ɗauka naka idon ne bai waye ba. Ita ta zaɓi fentin ɗakina, ita take zaɓar abin da 'ya'yana za su sa ranar ɗaukar hoton makaranta. Mijinta ya yi ritaya daga tuƙin motar wata ma'aikata, har yau kowa Direba yake ce masa, kuma bawan Allahn nan bai sake sayen hula da kansa ba tun da ya aure ta. Sai dai sau ɗaya da ya gwada, hular ta ƙare a tsumman goge keke. Bara ta sayo mini mayafi, ta ce ruwan ƙasa ne, zai shiga da rigata ruwan goro. Ni dai shunayya na gani ƙiri-ƙiri. Amma na karɓa na yi godiya, na dinga yafawa ina shiga ofis, abokan aikina suna kallona suna kau da kai. Na ce a raina, su me suka sani a kan kala?

Sai zamani ya juya, mutane suka daina zuwa shago. Wadda a da za ta yi rabin yini tana ɗaga yadi tana ajiyewa, yanzu daga kan gadonta za ta bugo ta ce, "Turo mini hoto." Yaya ta tsani wannan magana, amma ba yadda ta iya. Babban ɗanta da ke aiki a wani gari ya aiko mata da laftof, ya ce ta riƙa ɗaukar hoton da waya, ta duba shi a babbar fuska ta gyara kafin ta tura. Ni kuma da nake buga takardu a ofishin wata makaranta, nan take aka naɗa ni shugabar sashen kwamfuta ta dangi, ba wanda ya nemi yardata.

Ranar farko na saka mata wata manhajar gyaran hoto da na samu kyauta. Muka ɗauki hoton yadin da ta fi ƙauna, wani shuɗi mai sanyi da take sayarwa tun tana sabuwar shiga sana'a. Shuɗin bayan ruwa take ce masa, wai haka sama take idan ruwa ya ɗauke da hantsi. Hoton ya fito a laftof, ni ban ga laifinsa ba. Yaya ta yamutsa fuska.

"Ya mutu," in ji ta.

"Me ya mutu?"

"Kalar mana. Wannan ba shuɗina ba ne. Kamar an jiƙa shi a ruwan shayi."

Na nuna mata ɗan layin da ake ja a ƙara shuɗi ko a rage. Ta sa yatsa ta ja, ta ƙara ja, har hoton ya koma kalar bokitin roba. Sannan ta sauke numfashi ta ce, "Yauwa, ga shi nan." Na kalli yadin da ke kan tebur, na kalli hoton, na ga ko dangi ba su haɗa ba. Ita ba ta ma juya wajen yadin ba. Shuɗin da ke kanta take nema, wanda ta sani shekara da shekaru. Na ce mata a hankali kamar ya ɗan yi yawa. Ta ce hasken shagon ne ke kashe yadin, a ɗaki mai hasken kirki haka zai fito kamar a hoton. Dama ta daɗe tana yaƙi da hasken nan. Ta canza ƙwan fitila ya fi a ƙirga tana cewa duk jabu ne, ta wanke gilashin taga har ya gaji, ta yi faɗa da mai shagon da ke kallonta a kan rumfarsa ta tare mata rana. In Yaya ta ce haske ne, to haske ne.

Ƙorafi ya fara zuwa kaɗan-kaɗan. Wata ta ce farin da ta gani a hoto ba shi aka kai mata ba, nata ruwan madara ne. Wata ta karɓi labulenta ba ta ce komai ba, ba ta kuma sake bugowa ba. Yaya ta ce wayoyin mutane ne ba su da kyau.

Sai Manaja ta zo. Mace ce 'yar gayu mai kula da wani ƙaramin otal a bakin babban titi, suna gyaran ɗakunan bene, tana son labule a kowace taga. Ta ga shuɗin bayan ruwa a hoto ta ce shi take so, Yaya ta ɗinka na ɗaki ɗaya a fara gwadawa. Ranar Asabar da rana, layi cike da mutane, ni ma ina shagon, sai ga ta da labule a hannu ɗaya, waya a ɗaya hannun. Ba ta shigo ba. A bakin ƙofa ta tsaya ta ɗaga su sama.

"Mai Labule, dubi nan ki dubi nan. Tsakaninki da Allah abu ɗaya ne?"

"Shigo ciki mu yi magana, Manaja."

"Ba inda zan shiga. Ni ban ce ɗinkinki ba shi da kyau ba. Hotonki ne na ƙarya. Ki yi wa yadi kwalliya a kwamfuta, mutum ya saya, ki kai masa wani abu daban. An ce mini ke mai gaskiya ce, shi ya sa na tsallake shaguna na zo wurinki."

Maganar ta soki Yaya. An sha yi mata faɗa a kan jinkiri, an sha ce mata mai taurin kai, duk ba ta damu ba, don gaskiya ne. Amma ba a taɓa danganta ta da ƙarya ba. Ta fito har tsakiyar layi, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji, ta rantse cewa ita ba ta taɓa yaudarar kowa ba, manhajar da ke cikin kwamfutar ce ke ɓata kala. Manaja ta ce to, masu fentin otal za su gama ƙarshen wata. In kafin nan ta ga hoton da ya yi daidai da yadi, a ci gaba. In ba haka ba za ta kai aikinta wani wuri, kuma duk wanda ya tambaye ta dalili za ta faɗa masa.

Daga ranar babu wanda ya sake samun sukuni a danginmu. Ina tashi daga aiki, kafin in kai bakin titi wayata ta fara kuka: "Auta, kina ina? Zo ki cire wannan, an ba ni sunan wata." Akwai mai gyaran waya da kwamfuta a ƙarshen layin, magidanci mai haƙuri da ake kira Injiniya, shi ma aka jawo shi ciki. Yana ganin Yaya ta doso da laftof a hammata sai ya fara tattara abin da ke gabansa, ya san aikin ranar ya tashi.

Kowace manhaja sai da Yaya ta raɗa mata suna. Akwai Mai Surutu, wadda ba ka isa ka taɓa komai ba sai ta buɗo wani ɗan akwati tana ba ka shawara. Yaya ta ce ita ba ta zo neman malama ba, a cire. Akwai Gimbiya, wadda Injiniya ya ce ita manyan masu hoto ke amfani da ita. Gimbiya ta fi ƙarfin laftof ɗinmu. Kana buɗe ta fanka zai hau kuka kamar injin niƙa, ka ja layi yanzu, ka je ka sha ruwa ka dawo kafin hoton ya motsa. Yaya da ba ta iya jiran tukunya ta tafasa ba, ta dinga zagaye tebur tana buga ƙafa tana ce mata, "Ranki ya daɗe, in kin ga dama." Akwai kuma Mai Kwalliya, mai gyara komai da kanta ba a sa ta ba. Ta shafe saƙar yadin tas har ya koma kamar bangon da aka yi wa fenti. Rannan Direba ya faɗo cikin hoton bisa kuskure yana riƙe da bakin labule, Mai Kwalliya ta goge masa duk wata tamoji a fuska, ya fito kamar ɗan makaranta. Ya ce a bar masa wannan, ita ce mai gaskiya. Na ce masa ya dai yi hankali kar hukuma ta karɓe lasinsa don ƙarancin shekaru. Yaya ko murmushi ba ta yi ba.

Ko wacce aka saka, abu ɗaya ke faruwa. Hoto zai fito, ta ce ya mutu, ta kama layin shuɗi ta ja har ƙarshe, ta tura wa Injiniya a waya ya duba, shi kuma ya sosa ƙeya ya ce, "Mama, kamar dai ya ɗan wuce." Ta ce wannan ma maƙaryaciya ce, a kawo wata. Ta zargi fuskar laftof, Injiniya ya jona mata wata babba a shagonsa, ba abin da ya canza. Ta zargi wayar, aka aro ta maƙwabciya. Ta fitar da tebur waje, ta mayar da shi ciki, ta kai shi bakin taga. Ta daina cin abinci sai shayi. Direba ya ce mini da asuba ma kafin ya buɗe ido ta riga ta kunna abin, tana tsaye a kansa da ɗankwali a karkace. Ni haushi ya gama cika ni, na gaji da sauke wannan da goge waccan, aikina na ofis ya taru. Amma duk lokacin da na buɗe baki zan yi tsiya sai in ga yadda ta rame, in haɗiye. Tausayinta nake ji, kuma ban saba jin tausayin Yaya ba, tsoronta na saba ji.

Wata ya kusa ƙarewa lokacin da Injiniya ya zo da ta ƙarshe. Ba ta da ado ko kaɗan, ruwan toka ce daga sama har ƙasa, ba ta gaisuwa ba ta shawara. Yaya ta kalle ta ta ce, "Wannan kuma Mara Fara'a." Injiniya ya ce ita wannan ba sai an ja komai ba. A ajiye wani abu fari tas kusa da yadin, a ɗauke su tare. Akwai wani ɗan abu a cikinta mai kama da bututun ɗiga magani, sai a taɓa farin da shi. Da zarar ta san wanne ne fari, sauran kalolin za ta daidaita su da kanta.

Ina da takardu a jaka, sababbi fil, ranar na ɓare ƙunshinsu a ofis. Na zaro ɗaya na shimfiɗa a gefen shuɗin bayan ruwa, muka ɗauka, Injiniya ya taɓa. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Yadin da ke kan tebur shi ne a cikin laftof, ba ƙari ba ragi. Na juyo da murna zan yi magana, sai na ga Yaya ta taɓe baki.

"Ai dole ta yi shirme," in ji ta. "An ce a ba ta fari, kun ba ta takarda ruwan madara."

Ni da Injiniya muka kalli takardar, muka kalli juna.

"Yaya, fara ce. Sabuwa ce."

"Auta, ni za ki koya wa fari? Ku kawo fari na gaske."

Injiniya ya ciro farar wayar caji sabuwa daga leda. Ta ce ta sha rana. Na ciro alli daga jakata, ta ce na zamani ne, ƙasa suke haɗawa da shi. Ta leƙa ta kira Baba Mai Zare, ya buɗe sabon kwali a gabanta ya miƙo mata farin zare, ta juya shi ta ce ya daɗe a ajiye. Direba na zaune a benci da farar rigarsa da ya karɓo daga wanki ranar, ta kama hannun rigar ta duba ta saki. Ta janyo farin yadin da ita da kanta take sa wa labule a baya, ta warware shi a tebur. Ta aika aka karɓo sukari wurin mai shayi, ta zuba a tafin hannunta ta kai bakin taga. Duk wannan tana yi da sauri, tana ture abubuwa, almakashi ya faɗi ba ta ɗauka ba. Mu kuwa mun yi cirko-cirko.

Sai ta fita waje da sukarin a hannu. Rana tsaka ce, akwai wani gajimare babba a saman rufin shagunan, fari sol. Ta ɗaga kai ta kare goshi da ɗaya hannun, ta daɗe tana kallo. Masu wucewa har suna ɗaga kai su ga me take gani.

Da ta dawo, ta kakkaɓe hannunta, ta sauke bandiran da ke kan kujerar nan mai laushi ɗaya bayan ɗaya, ta zauna. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Mayafin nan da ke jikinki, wace kala ce?"

Na ji kamar in nutse. Na ce, "Shunayya ne."

"Ni na ce miki ruwan ƙasa ne?"

"E."

"Kuma kika ɗora shi a kan ruwan goro kina yawo a gari shekara guda?"

"Ke kika ce ya shiga."

Ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba, ta ce, "Amma ke dai an yi sakarya." Sannan ta rufe fuska da tafukanta. Baba Mai Zare ya yi gyaran murya ya ce tun bara idan ta aiko a ba ta zare, ya kan duba ƙyallen ya canza mata da wanda ya dace, bai san yadda zai faɗa mata ba. Direba ya ce shi ya lura ta daina tsallaka titi da yamma idan motoci sun kunna fitila, ya ɗauka gwiwar ce. Kowa ashe yana riƙe da guntunsa.

Washegari na raka ta asibitin ido. Likita ta ce yanar ido ce a ido biyun, irin wadda ke zuwa a hankali, tana sa mutum ya riƙa ganin komai kamar ta cikin gilashi mai rawaya, shuɗi ne kuma ke fara dushewa. Ta ce aikin ba mai wuya ba ne, da yardar Allah za ta ga kala kamar da, amma akwai layi, sai wata mai zuwa ko na bayansa. Yaya ta ce ita ƙarshen wannan watan ne ya dame ta.

A hanyar dawowa na kawo shawarar da nake ganin ta hankali ce. Na ce mu tura wa Manaja hoton Mara Fara'a, mu ce an canza manhaja an dace. Ai dama abin da ta faɗa wa layi ke nan, manhaja ce. Injiniya ba zai yi magana ba, Baba Mai Zare ma haka. A yi aikin ido a ɓoye, ta dawo da idonta, ba wanda zai taɓa sanin ya taɓa tafiya. Na san abin da idon nan yake a wurinta. In layi ya ji Mai Labule ba ta bambance fari da ruwan madara, ko an gyara, ba za a sake turo mata mai ruwan ido a ce abin da ta ce shi ne ba.

Da muka isa shago ta dinga kai da kawowa tsakanin ƙofa da keke, ta ɗauki wannan ta ajiye, ta ninke abin da yake a ninke. Can ta tsaya.

"Matar nan ta ce na yi ƙarya, ban yi ba. Yanzu so kike in yi ta gaske?"

Ta buga wa Manaja ta ce ta zo ranar Asabar da rana.

Manaja ta zo, Yaya ba ta ce ta shigo ba. Ta sa Direba ya fito da tebur bakin ƙofa, daidai inda aka tsaya wancan karon, aka ɗora laftof da yadi da farar takarda. Maƙwabta suka fara matsowa, dama ba sai an gayyace su ba. Yaya ta ɗauki hoton da hannunta, ta taɓa takardar da ɗan bututun nan, ta juya wa Manaja fuskar laftof. Manaja ta kalli hoto ta kalli yadi ta ce, "To, wannan kam shi ne."

"Shi ne," in ji Yaya, da muryar da ta yi rantsuwa da ita rannan. "Amma ni ba haka nake ganinsa ba. Na tsaya a nan na ce manhaja ce, to ba ita ba ce, idona ne. Yanar ido ce ta rufe shi ban sani ba. Abin da na tura miki shi ne abin da na yarda gaskiya ne, amma ba gaskiya ba ne, kina da hujjar yin fushi. Daga yau wannan Mara Fara'ar zan riƙe, ba zan sake jan komai a hoto ba. Duk wanda na taɓa yi wa gardamar kala tun bara, ya yafe mini, mai yiwuwa shi ne da gaskiya."

Wani mai fenti da ke tsaye a baya ya sunkuyar da kai. Ni hawaye ne ya cika mini ido, haushi da alfahari suka haɗu mini wuri ɗaya.

Manaja ta ce ita ma ta yi saurin baki, a yi haƙuri. Ta buɗe jaka ta ciro wani ɗan guntun katako da aka shafa wa fenti. Ta ce masu fentin sun gama, bangon ya fito da ɗan duhu fiye da yadda ta zata, ba ta san ko shuɗin bayan ruwa zai shiga da shi ba ko a nemi wani. Ta tsaya da katakon a hannu, ta rasa wa za ta miƙa wa.

Hannun Yaya ya riga ta, ya karɓa kamar yadda ya saba. Ta kalle shi sau ɗaya. Na ga ta buɗe baki, sannan ta rufe. Ta juyo ta saka mini shi a tafin hannu.

"Ƙanwata za ta zaɓa. Ita ta ga shunayya tun ranar farko."

Ta shiga ciki ta fito da bandir biyu, shuɗin bayan ruwa da wani da ya ɗan fi shi haske, ta jera su a tebur. Ni da ban taɓa zaɓar ko zanin gado ba tare da na ji ta bakinta ba, na tsaya da katako a hannu. Na ɗora shi a kan wannan, na ɗora a kan wancan. Na ɗago na kalle ta, ina jiran ta ɗaga mini gira ko ta taɓe baki, kamar kullum. Ba ta yi ko ɗaya ba. Jira take yi.

"Mai hasken," na ce. "Bangon ya yi duhu, wannan zai buɗe ɗakin."

Manaja ta gyaɗa kai. Yaya ba ta ɗaga yadin ta duba ba, ba ta kai shi bakin taga ba. Ta ture shuɗinta gefe, ta warware wanda na nuna, ta ja awo daga wuyanta ta auna, ta ɗauki almakashi.

"Riƙe mini bakin, Auta," in ji ta. "Kar ya zame."